Idan mai kaki ya bugi matarsa: wa ke karɓar ƙara, wa ke yanke hukunci?

A ƙaramar hukumar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jahar Maraɗi, matar da mijinta ya buga ta san hanyar da ake bi. Takan fara da gidan iyayenta, daga nan a kira waliyyan aure, in abin ya ƙi a je wurin liman ko mai gari. Idan rauni ya yi tsanani, ko dukan ya zama na kullum, sai maganar ta kai ga jandarmomi ko ƴan sanda, daga can kuma zuwa kotu.

Akwai matar da wannan hanya ke yi wa wuya tun daga farko, wato wadda mijinta shi ne mai kakin. Wanda zai rubuta ƙararta abokin aikin mijin ne, wataƙila tare suka yi horo, tare suke fita sintiri. Wani lokaci ma bindigar aikinsa tana rataye a ɗakin da take kwana.

Maganar ta shafi wannan yanki kai tsaye. Tun daga shekarar 2019, lokacin da hare-haren ƴan bindiga a jahohin Zamfara, Sakkwato da Katsina suka koro dubban ƴan gudun hijira zuwa gundumar Gidan Rumji, an ƙara yawan jami'an tsaro a garuruwan bakin iyaka. Wasu sun zo da iyalansu, wasu a nan suka yi aure. Mafi yawansu magidanta ne kamar kowa, masu zaman lafiya da matansu. Amma idan aka zargi ɗaya daga cikinsu, haƙƙi biyu ne ke gaban hukuma: na matar da ke neman kariya, da na jami'in da bai kamata a raba shi da aikinsa ba sai an ji ta bakinsa.

Kaki iri uku, dokoki iri uku

Talaka kan kira su duka da suna ɗaya, amma a doka sun bambanta. Ƴan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma a birane da manyan garuruwa aka fi ganinsu. Dakarun Garde Nasiyonal su ma ma'aikatar cikin gida ke kula da su, su ne ke gadin gidajen kaso da ofisoshin hukuma a karkara. Jandarmomi kuwa sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma su ne suka fi gudanar da binciken laifuka a ƙauyuka irin na Gidan Sori.

Kowane rukuni yana da dokar aikinsa. Ƴan sanda ba sa cikin dokar ma'aikatan gwamnati ta gama-gari ta 2007. Suna da tasu ta musamman, wadda aka kafa a 2004 aka sabunta a 2020, tare da kundin ɗa'ar aiki na 2011. Jandarma yana bin ladabtarwa irin ta soja, kuma tun 2003 Nijar tana da kundin shari'ar soja. Saboda haka abu na farko da iyalin mai ƙara ya kamata su tantance shi ne rukunin da mijin yake, domin shi zai nuna shugaban da za a kai wa kuka.

Hanya biyu da ke tafiya tare

Duka ɗaya yana iya buɗe fayil biyu. Na farko na kotu ne. Nijar ba ta da wata doka ta musamman kan cin zarafi tsakanin ma'aurata, don haka ana amfani da ayoyin duka da jin rauni na kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003. Aya ta 222 ta tanadi ɗaurin da ke iya kaiwa shekaru biyu, da tarar jika 10 zuwa jika 100, ga wanda ya bugi wani da gangan. Hukuncin yana ƙaruwa idan an yi amfani da makami, ko an shirya abin tun da farko, ko ya jawo naƙasa ko mutuwa. Ayar ba ta keɓe miji ba, ba ta kuma keɓe mai kaki ba.

Fayil na biyu na ma'aikata ne, wato ladabtarwa. A nan ba a ɗaure kowa. Abin da ake tambaya shi ne ko wannan mutum ya cancanci ci gaba da sa kaki, kuma a wane matsayi. Hukuncin yana farawa daga gargaɗi da tsawatarwa a rubuce, ya hau zuwa rage girma da dakatarwa na wani lokaci, ya ƙare a kora.

A tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa, hanyoyin biyu ba su ɗaure da juna ba. Ma'aikata na iya ladabtar da jami'i ko da ba a kai maganar kotu ba. Amma idan alƙalin laifuka ya yanke hukunci na ƙarshe cewa dukan ya faru, ma'aikata ba ta da ikon cewa bai faru ba. Haka nan idan kotu ta tabbatar cewa abin bai auku ba sam, ba za a kori mutum a kansa ba. Inda ake yawan ruɗewa shi ne sallama saboda ƙarancin hujja. Wannan ba ta hana ma'aikata duba fayil ɗinta ba, domin abin da bai isa a ɗaure mutum a kansa ba yana iya isa a ce ya zubar da mutuncin aiki.

Me ya kawo ma'aikata cikin maganar gida?

Wannan ce tambayar da aka fi ji a majalisun hira: ai tsakanin miji da mata sai Allah, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kusan mata 6 cikin 10 a Nijar suna ganin miji na da hujjar bugun matarsa saboda aƙalla dalili ɗaya, kamar fita ba da izini ba ko gardama da shi. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matasan mata an aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma a jahar Maraɗi adadin ya kai kashi 89. Yarinyar da aka kai ɗaki tana ƴar shekara 15, ba ta da sana'a, ba ta yi nisa a makaranta ba, da wuya ta tsaya gaban shugaban mijinta ta kai ƙara.

Duk da haka dokar aiki ba ta tsaya a ƙofar ofis ba. Ɗan sanda yana da nauyin kiyaye mutuncin aikinsa a bakin aiki da wajensa, kuma dalilan a fili suke. Gwamnati ce ta ba shi makami ta koya masa yadda ake amfani da ƙarfi. Shi ne kuma gobe zai zauna a teburin karɓar ƙara idan wata mata ta shigo da kumburarriyar fuska. Hausawa na cewa mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Idan mutanen gari suka san wanda ke kama masu dukan mata shi ma yana yi, ba mijin da zai ji tsoron doka, ba kuma matar da za ta yarda da ita.

Abin da ke sa ƙarar ta yi nauyi

Matar jami'in tsaro tana fuskantar abubuwan da sauran mata ba sa fuskanta. Mijin ya san yadda ake rubuta rahoto da irin hujjar da alƙali ke karɓa. Ya san likitan da ake tura masu rauni wurinsa, ya san direbobin tasha, yana iya gano inda ta gudu cikin ƴan sa'o'i. Maƙwabtan da suka ji kukanta suna iya ƙin ba da shaida, domin gobe suna iya buƙatarsa a shingen bincike ko a kan wata matsala ta kasuwa.

Sai kuma maganar abinci. Albashinsa ne ke ciyar da ita da ƴaƴanta, sau da yawa har da iyayensa da ƙannensa. Idan aka kore shi, ita ce ta farko da za ta ji a jikinta, kuma dangi za su ce ita ta kashe masa kasuwa. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa mata janye ƙara bayan kwana biyu ko uku. Janyewar ba hujja ba ce ta cewa ƙarya aka yi. A doka ma, janye ƙarar duka ba ya tilasta wa mai shigar da ƙara na gwamnati rufe fayil, domin laifin ya shafi al'umma gaba ɗaya.

Darussa daga wasu ƙasashe

Ƙasashen da suka fi Nijar kuɗi da yawan alƙalai sun sha faɗawa cikin wannan rami, kuma abin da ya faru can yana nuna inda haɗarin yake.

A Amurka, ranar 26 ga Afrilun 2003, shugaban ƴan sandan birnin Takoma, David Brame, ya harbi matarsa Crystal da bindigar aikinsa sannan ya kashe kansa. Ta rasu bayan mako guda. Kafin ranar ta riga ta nemi saki a kotu, ta rubuta cewa yana yi mata barazana da makami, amma ba a karɓe bindigar ba. A shekarar da ta biyo baya jahar Washinton ta kafa dokar da ta tilasta wa kowace rundunar ƴan sanda rubuta ƙa'idar abin da za a yi idan an zargi jami'inta da cin zarafin iyali. Tun 1996 kuma dokar tarayyar Amurka ta haramta riƙe bindiga ga duk wanda kotu ta samu da laifin dukan iyali, ba tare da ware ƴan sanda ko sojoji ba.

A Faransa, ranar 4 ga Mayun 2021, mijin Chahinez Daoud ya harbe ta a ƙafafu ya cinna mata wuta a kan titi a garin Merinyak, kusa da Bordo. Ta kai ƙararsa ofishin ƴan sanda a watan Maris. Daga baya jaridar Le Canard enchaîné ta bankaɗo cewa ɗan sandan da ya karɓi ƙarar, shi kansa kotu ta yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata takwas a watan Fabrairu, saboda dukan tsohuwar abokiyar zamansa. Sufetoci sun gano kurakurai a yadda aka cika takardun ƙarar aka kuma miƙa su. Bayan haka ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, ya ba da umarnin cewa jami'in da aka samu da irin wannan laifi kada ya ƙara zama inda ake karɓar jama'a.

A Ingila, David Carrick, ɗan sandan Landan mai ɗauke da makami, ya amsa laifuffuka 49 a kan mata 12, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2023. An gano cewa sunansa ya zo gaban ƴan sanda har sau tara cikin shekaru kusan ashirin, amma kowace ƙara aka duba ta ita kaɗai, ba wanda ya haɗa su ya ga hoton gaba ɗaya.

Abubuwa uku ne suka fito daga waɗannan shari'o'i: makamin da aka bari a hannu, teburin karɓar ƙara da aka bar wa wanda ake zargi, da ƙorafe-ƙorafen da ba a ajiye su wuri ɗaya ba.

Haƙƙin wanda ake zargi

Ɗaya gefen ma yana da nauyi. Zargi ba hukunci ba ne. Rikicin aure yakan zo da kishi, da rigimar riƙon ƴaƴa, da tsoma bakin dangi. A wurin aiki kuma shugaban da ke da jiƙaƙƙa da ƙaramin jami'i yana iya fakewa da ƙarar gida ya huce haushinsa. Aya ta 7 ta Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, ta ba kowa ƴancin a saurari ƙararsa, a ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma ya kare kansa da lauyan da ya zaɓa.

A fannin ladabtar da ma'aikata, ƙa'idojin da ake koyarwa a sassan shari'a na jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci suna da tarihi. A 1904 aka gano cewa ma'aikatar yaƙin Faransa tana ajiye takardun sirri kan addini da ra'ayin siyasar hafsoshi, tana hana wasu ƙarin girma ba tare da sun sani ba. Abin kunyar ya haifar da dokar 22 ga Afrilun 1905, wadda ta ba kowane ma'aikaci damar ganin fayil ɗinsa kafin a hukunta shi. A ranar 5 ga Mayun 1944 kuma, kotun ƙolin harkokin mulki ta Faransa ta soke matakin da aka ɗauka kan wata gwauruwa mai suna Trompier-Gravier, mai rumfar sayar da jaridu a Paris, wadda aka ƙwace wa lasisi bisa wani zargi ba tare da an ji ta bakinta ba. Daga nan ƙa'idar ta kafu: hukuma ba ta yanke wa mutum hukunci mai nauyi sai ta ba shi damar kare kansa.

A aikace wannan na nufin abubuwa kamar haka. A sanar da jami'in a rubuce abin da ake zarginsa da shi, da rana da wuri. A ba shi takardar neman bahasi da isasshen lokacin amsawa. Ya ga takardun da ke cikin fayil ɗin. Idan hukuncin da ake nufi babba ne, kamar rage girma ko kora, a gurfanar da shi gaban majalisar ladabtarwa, inda zai yi magana, ya kawo shaidu, ya zo da mai kare shi. Wanda ya yi binciken kada ya zama mai yanke hukuncin. A rubuta dalilan hukuncin, kuma ya dace da girman laifin. Daga ƙarshe jami'in yana da damar neman shugabanni su sake dubawa, ko ya kai ƙara gaban alƙalin harkokin mulki. Tun 2023, Kotun Ƙasa ce ta gaji aikin manyan kotunan da ke duba irin waɗannan ƙararraki a matakin ƙarshe.

Bin waɗannan matakai ba gata ba ne ga mai duka. Korar da aka yi cikin gaggawa, ba takarda ba saurare, ita ce kotu ke sokewa bayan shekara biyu ko uku. Sai mutumin ya dawo bakin aiki da kakinsa, da haushin matar da ta kai shi ƙara, kuma a idon abokan aikinsa shi aka zalunta. Fayil ɗin da aka gina a tsanake shi ne ke tsayawa.

Dakatarwa da karɓe bindiga ba hukunci ba ne

Mutane da yawa na ganin dole a zaɓi ɗaya: ko a kori jami'in nan take, ko a bar shi yadda yake har kotu ta gama. Doka ta san hanya ta uku, wato matakan riga-kafi. Shugaba na iya karɓe makamin aiki, ya ɗauke jami'in daga teburin karɓar ƙara da duk wani bincike da ya shafi mata da yara, ya hana shi taɓa fayil ɗin, ko ya dakatar da shi na ɗan lokaci idan zargin mai tsanani ne. Waɗannan ba sa nufin an same shi da laifi. Kamar direban da aka ce birkin motarsa ya lalace ne: ana tsayar da motar a duba kafin a san ko gaskiya ne, domin kuskuren barinta ta tafi ba ya gyaruwa.

Matakan suna da sharaɗi. Su kasance a rubuce, su kasance na ƙayyadadden lokaci, a kuma ɗage su idan bincike ya wanke shi. Dakatarwar da ba ta da ranar ƙarewa ta zama hukunci ta bayan gida.

Akwai kuma matakin da ke kama da magani alhali ba shi ba ne, wato canjin wurin aiki. Idan aka ɗauke jami'i daga gundumar Gidan Rumji aka kai shi Agye ko Gazawa ba tare da an rubuta komai ba, matar ce za ta bi shi inda ba ta da dangi, kuma sabon shugabansa bai san abin da ya faru ba. Idan kuma marar laifi ne, an hukunta shi ba tare da an ba shi damar magana ba. Ta kowace fuska an yi asara.

Kada abokin aiki ya binciki abokin aiki

Babbar ƙa'idar adalci ga ɓangarorin biyu ita ce nisanta binciken daga ofishin wanda ake zargi. Dokar Nijar ta buɗe ƙofofi da dama. Mai ƙara ba dole ba ne ta bi ta ofishin da mijinta ke aiki. Tana iya kai ƙarar ɗan sanda wurin jandarmomi, ko ta jandarma wurin ƴan sanda. Tana iya rubuta wa mai shigar da ƙara na gwamnati kai tsaye, a kotun Gidan Rumji ko a babbar kotun Maraɗi, kuma shi ne shugaban duk masu binciken laifuka a yankinsa, yana da ikon zaɓar rundunar da za ta yi aikin. Idan aka ƙi motsa fayil ɗin, tana iya shigar da ƙara gaban alƙalin bincike a matsayin wadda aka cuta.

Idan wanda ake zargi yana da muƙamin jami'in binciken shari'a, wanda ake kira OPJ, kundin tsarin shari'ar laifuka ya tanadi cewa babbar kotun ƙasa ce ke zaɓar kotun da za ta duba maganarsa. Hikimar ita ce kada alƙalan da yake aiki da su kullum su yi masa shari'a. Amfanin a fili yake, amma matakin yana cin lokaci, shi ya sa matakan riga-kafi suke da muhimmanci a tsakani.

Rundunar ƴan sanda tana da sashen kare mata da ƙananan yara, jandarmomi ma suna da nasu. A ma'aikatar cikin gida akwai babban ofishin sufetocin hukumomin tsaro, IGSS, mai binciken halayen jami'ai. Ga wadda ba ta da kuɗin lauya, hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 tana ba da taimakon shari'a kyauta ga marasa ƙarfi, kuma ƙungiyoyi irin su ta mata masana shari'a, AFJN, da SOS FEVVF suna raka mata a irin wannan tafiya.

Adalcin tsari ya haɗa da ita ma. Ta cancanci a saurare ta a keɓe, ba a gaban mijin ko abokansa ba. A ba ta shaidar cewa an karɓi ƙararta. Kada a bayyana masa inda ta fake. A kuma sanar da ita yadda maganar ta ƙare, domin a ladabtarwar ma'aikata ita shaida ce kawai, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshe da ke jin sakamako.

Sulhu da iyakarsa

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Aure, saki da riƙon ƴaƴa ana duba su ne bisa al'adar ma'auratan, wadda a wannan yanki ta haɗu da fiƙihun Malikiyya. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna da masu gari ikon sasanta mutane a harkokin al'ada da na zamantakewa, kuma aure da yawa sun tsira ta wannan hanya. Amma ikon bai kai ga laifuka ba. Mai gari na iya sasanta maganar ciyarwa ko ta yaji. Karyewar hannu ko barazana da bindiga maganar kotu ce.

Addinin ma bai bar matar a ɗaure ba. A mazhabar Malikiyya, matar da ta tabbatar mijinta yana cutar da ita tana iya neman alƙali ya raba auren, kuma malamai suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa bugun mace ba. Shari'ar ta kuma ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, ta hana alƙali yanke hukunci kafin ya ji ɓangarorin biyu. Abin da dokar boko ke kira haƙƙin kare kai ba baƙo ba ne a zauren malamai.

Sulhun da ake yi a ofishin shugaban mijin shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Mace zaune gaban masu kaki uku ko huɗu, ana ce mata ta yi haƙuri don kada a ɓata wa mijinta aiki, da wuya ta ce a'a. Idan za a yi sulhu, a yi shi a inda take da waliyyinta a gefe, kuma a rubuta abin da ya faru a fayil ɗin jami'in, domin idan aka sake, wanda zai duba ya san ba yau aka fara ba.

Abin da iyali za su riƙe

Kwanakin farko su ne ke yanke makomar fayil. Wadda aka buga ta je asibiti da wuri, ko CSI mafi kusa ko asibitin gunduma, ta nemi takardar likita mai bayyana raunukan da yawan kwanakin da ba za ta iya aiki ba, domin wannan adadi yana tasiri kan nauyin hukunci. A ɗauki hoton raunin da salula, a ajiye saƙonnin barazana, a riƙe sunayen waɗanda suka gani ko suka ji. Idan akwai makami a gidan, a faɗa tun a jumlar farko ta ƙarar. Kwafin kowace takarda a ajiye shi a gidan wani amintacce.

Jami'in da aka zarga shi ma yana da abin yi. Ya amsa takardar neman bahasi a rubuce kuma cikin lokaci, ya nemi ganin fayil ɗinsa, ya samu lauya, wanda ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ba shi damar kasancewa tare da wanda ake tuhuma tun daga lokacin kamu. Ya kuma nisanci mai ƙara da shaidunta. Aika abokan aiki su lallashe ta ko su tsorata ta wani sabon laifi ne, wanda kan fi na farko sauƙin tabbatarwa.

Nauyi mafi girma yana kan shugaban rundunar. Shi ne zai yanke shawarar ko ƙarar za ta shiga rajista ko za ta ƙare a aljihun tebur, ko bindigar za ta koma ma'ajiya a daren nan ko sai gobe. A yankin da jami'an tsaro ke roƙon jama'a kullum su kawo musu labarin ƴan bindiga da masu yi musu leƙen asiri, yardar mutane ita ce jarinsu, kuma matan gari suna lura da yadda aka bi da ƙarar maƙwabciyarsu kafin su yanke shawarar buɗe baki.